Kujerar da Muka Cire wa Motar Mati

Shekara ashirin da shida ke nan ina gyaran kujerun mota a Tudun Wada, kuma a duk tsawon wannan lokaci mota ɗaya ce tak na taɓa cire wa kujera mai lafiya. Motar Mati ce, mahauci, maƙwabcina. Ni sunana Habila. Daga Filato na zo Sakkwato ina saurayi da niyyar in yi shekara biyu in koma, ga shi har furfura ta cim mini a nan. Rumfata na jingine da ta Mati, langa-langa ɗaya ce tsakaninmu, saboda haka duk abin da zan faɗa a kansa da kunnena na ji, ko ina so ko ba na so. Mutumin nan bai iya magana a hankali ba.

Mati gadon fawa ya yi. Mahaifiyarsa ta rasu lokacin da bai fi shekara uku a duniya ba, sai ubansa ya riƙa jan sa zuwa kwata tun kafin ya iya ɗaure wando. Da ya tasa ya fara yawo da tiren tsire a Kwalkwalawa, yana sayar wa ɗalibai, yana faɗa da su a kan yaji. Daga tire ya samu babur, daga babur ya samu rumfa, yanzu masu abinci da yawa a unguwarmu shi ke kai musu nama. Ƙato ne, baƙi, mai faɗin ƙirji. Na taɓa ganinsa ya riƙe bijimi ta ƙaho yana yi masa faɗa, kuma bijimin ya saurara.

Abu biyu ne kawai na san suna kashe wa Mati jiki. Na farko jif. Duk jif ɗin da ta gifta ta gaban rumfa, wuƙa sai ta tsaya a hannunsa, ya bi ta da ido har ta sha kwana, mai sayen nama na tsaye yana jira. Ya kan leƙo ta saman langa-langa ya ce, “Habila, ka gane ta? In Allah Ya yarda wata rana ni ka cikin irin wagga.” Na ji wannan magana har ta gundure ni.

Na biyu surukarsa, Inna Tani, tsohuwa 'yar siririya da ke zaune a Dundaye. Bahijja matar Mati ita ce 'yarta ta fari, kuma Inna Tani irin matan dā ce masu kunyar ɗan fari, ko sunan Bahijja ba ta faɗa, balle na mijinta. Shekara goma sha tara da auren, ba ta taɓa yi wa Mati magana kai tsaye ba. In ya je gaisuwa, takalmi zai cire tun daga zaure, ya durƙusa a bakin ƙofa, ya gaida labule. Daga ciki sai ta ce wa duk wanda ke kusa, “A ce mishi lahiya lau, a ce ya gaida mutanen gida.” Kowace Juma'a yana aika mata nama, ita kuma ta aiko da godiya ta bakin wani. Ni abin dariya yake ba ni, shi kuwa ko a jikinsa. Ya ce haka ya iske ana yi, kuma tsohuwar da ta ba shi Bahijja ko ta bayan katanga za ta amsa masa gaisuwa ya gode.

To, bara da damina Inna Tani ta zame a bakin rijiya ta karye a saman gwiwa. Aka yi mata aiki a asibitin koyarwa, aka sa ƙarfe. Likita ya ce sai ta riƙa zuwa gashin ƙashi sau biyu a mako, Litinin da Alhamis, har wata shida, kuma a mota ƙafar ta kasance a miƙe. In aka yi wasa gwiwar za ta sandare, tafiya kuma ta ƙare. Makonni biyu na farko a keke mai ƙafa uku aka kai ta, ƙafar na leƙe a waje, kowane rami na shiga har ƙashinta. A mako na uku ta ce ita ta gama, a bar ta a ɗakinta, in zama ne Allah Ya rubuta mata za ta zauna. Bahijja ta zo gidanmu tana kuka, matata Tabita na ba ta haƙuri.

A daidai lokacin ne kuma Mati ya shirya sayen motar da ya daɗe yana mafarki. Wata Asabar da hantsi ya leƙo ya ce, “Rufe rumhwar nan, mu tahi wurin Jelani. Kai ne ka san kujera.” Za mu fita sai ga Bahijja da wani tsumman atamfa, dogo, an yi masa ƙulli a baki biyu. Ta miƙo mini ta ce, “Baban Timoti, tsawon ƙafar Inna ke nan, daga ƙugu zuwa diddige. Duk motar da wannan bai miƙe a cikinta ba, don Allah kada ku kawo ta.” Na cusa tsumman a aljihu.

Jelani dillalin motoci ne, siriri mai zaƙin baki, wanda zai iya sayar maka da motarka ka yi masa godiya. Motoci biyu ya ware mana. Ɗaya ƙaramar jif ce baƙa, tana sheƙi. Ɗayar kuwa doguwar motar iyali ce ruwan toka, mai layin kujeru uku da ƙofar da ake zugewa, irin wadda kowa ke ce wa Siyana ko da ba ita ba ce. Mati ko kallon ta biyun bai yi ba. Ya haye jif, ya kama sitiyari da hannu biyu, ya cika kujerar dam, yana murmushi shi kaɗai. Jelani ya ce, “Kai, Alhaji, kamar don kai anka ƙera ta!” Mati bai taɓa zuwa Makka ba, amma bai gyara masa ba.

Gaskiya kujerun jif ɗin nan ba su da laifi. Soson yana da tauri yadda nake so, fatar ba ta tsage ba, majinginar na rungume bayan mutum. In kai ne direba, kana sama kana hangen kowa, ka ji kai wani ne. Amma ni ba don direba aka kawo ni ba. Na buɗe ƙofar baya na fara da tsayi. Kafin mutum ya shiga sai ya ɗaga ƙafa kusan zuwa gwiwa, sannan ya sunkuya, sannan ya murɗa ƙugu, ga ƙofar ba ta buɗewa sosai. Ni da nake da ƙafafu biyu lafiyayyu sai da na yi nishi. Na zauna, na ɗora ƙullin tsumman a kusurwar kujera na ja shi gaba. Bai kai rabi ba ya ci karo da bayan kujerar gaba, kuma ƙaton da ke tuƙi ya riga ya tura tasa baya har ƙarshe.

“Bai shiga ba,” na ce.

Jelani ya ce a gwada gaba. Muka tura kujerar gefen direba baya iyakarta, na miƙa tsumma, sai ga shi ya shiga cif. Jelani ya tafa hannu ya ce shi ke nan, tsohuwa ta zauna gaba, ga iska ga wurin ƙafa.

Mati ya juyo ya dube shi kamar ya zagi ubansa. “Inna ta zauna nan? Kusa da ni, kahwaɗa da kahwaɗa? Jelani, lahiyarka ƙalau?”

Muka koma kan mai ruwan toka. Na zuge ƙofa, ta tafi baya sumul, ta bar wata kafa da za a iya shigar da buhun gero a tsaye. Ƙasan motar a kusa yake, taki ɗaya ka shiga. A tsakiya kujeru biyu ne, kowace zaman kanta, da wurin ɗora hannu, ana tura ta baya, ana kwantar da ita. Na zauna a ta dama na ji bayana ya ce alhamdu lillahi. Na ja tsumma, ya miƙe har ya bar taƙi guda. Layin baya ban ma ɓata lokaci a kansa ba. Na leƙa kawai na ga kujerar yara ce, soso siriri, gwiwar babba sai ta tokare. Na ce a raina wannan ta su Amiru ce, 'ya'yan Mati.

Mati ya tsaya tsakanin motocin nan biyu ya fi minti goma. Ya shafa jif, ya zagaya ta, ya sake leƙa cikinta. Tausayinsa ya kama ni, don na san shekarun da ya yi yana jiran ranar nan. Can ya ja dogon numfashi ya ce, “Ba ni makullin bas ɗin.” Haka ya kira ta, bas, don haushi. Kuma kafin mu isa gida mutum uku suka tsayar da mu a hanya, ɗaya na tambayar Illela, wata mata da ƙullin kaya na tambayar Birnin Kebbi. Mati ya leƙa ta taga ya daka mata tsawa, “Ba haya ba ta!” Na yi dariya har na ƙware.

Ranar Litinin na bi su Dundaye, don in ga aikina da idona. Bahijja ta riga ta kwana can tana lallashi. Aka fito da Inna Tani, sanda a hammata biyu, mayafi ya rufe rabin fuska. Mati ya durƙusa can gefe yana gaida ƙasa. Na zuge ƙofa da alfahari, na nuna mata kujerar tsakiya, har na kakkaɓe ta da hannu. Tsohuwa ta dubi kujerar, ta dubi ta direba, ta auna tsakaninsu da ido. Hannu ɗaya mutum zai miƙa ya taɓa kafaɗar mai tuƙi.

Ta ce wa Bahijja, “Ke, wa ka tuƙi?”

“Shi ne, Inna.”

Sai ta ɗaga sanda ta nuna can ƙurya, layin baya. Bahijja ta roƙa, ni na roƙa, na yi bayanin taƙi da soso da abin da likita ya ce. Ko kallona ba ta yi ba. Ta ce ita ba ta zama a ƙeyar surukinta, numfashinta na sauka a wuyansa, tana da rai. Ko can baya ko ɗakinta. Haka muka naɗe kujera, muka tura tsohuwar nan ta wata 'yar kafa, muka cusa ta a wuri mafi ƙunci a duk motar, ƙafar a karkace, gwiwar a lanƙwashe. Haka ta daure har asibiti. Amma da na waiwaya na ga gumi ya jiƙe mayafin, ta cije leɓe, hawaye na bin kuncinta. Mai gashin ya duba gwiwar ya ga ta kumbura, ya yi mana faɗa sosai, kuma da gaskiyarsa.

Da muka mayar da ita gida ta ce wa Bahijja, “A ce mishi na gode, Allah Ya sa albarka ga mota. Amma ba ni sake zuwa.”

Ranar nan na ji haushin kowa. Na ji haushin tsohuwa da taurin kanta, na ji haushin Mati da ya tsaya yana sosa ƙeya, amma wanda na fi jin haushi ni ne. Shekara ashirin da shida a garin nan, na ci tuwon sunan 'ya'yan mutumin nan duka, na san labarin labule, sannan na tafi da tsumma na auna ƙafa kawai. Mati kansa da ya hana a sa ta gaba ya ɗauka bayan direba ya isa nisa. Mu biyu, manya da gemu, muka sayi mota saboda kujera ɗaya, ba mu tambayi mai zaman ba.

Na ce masa ya nemi direba, shi ya zauna a rumfa. Ya girgiza kai. Ya ce da ƙaramar murya, abin da ban saba ji daga gare shi ba, “Habila, tawa uwar ban san fuskarta ba. Ko ruwa ban taɓa miƙa mata ba. Wagga da Allah Ya ba ni, ba ni barin wani ƙato ya ɗauke ta.” Bahijja ma ta ce ko an kawo direban ba za a ci nasara ba, Inna ta ce ba za a ɗauki mutum aiki saboda ita ba. Alhamis ta zo ta wuce, ba a je gashi ba.

Ranar Asabar da rana tsaka motar na gaban rumfata, na shiga layin bayan nan na zauna ina tsaki, gwiwoyina a tokare. Na daddanna soson, na ga za a iya ƙara masa. Na duba bel ɗin ɗaure jiki, yana aiki. Na dubi abin da ya tokare ni, sai na ga ai ba kujerar da nake kai ce matsalar ba, wadda ke gabana ce. Na ƙwala wa Mati kira ta saman langa-langa. Ya zo da wuƙa a hannu.

Na ce, “Wannan za mu cire.”

Ya ce, “Wace? Ta tsakiya? Wadda saboda ita na bar jif?”

“Ita.”

“Habila, kai ne hwa ka zauna kanta ka ce bayanka ya yi hamdala!”

“Ni ne. Miƙo mini sifana.”

Bai miƙo ba, sai da na ɗauko da kaina. Kafin la'asar kujerar da ta fi kowace daɗi a motar nan tana waje a ƙasa, Mati na zaune a kanta ya yi tagumi, yana kallon ramin da ta bari. Na farke ta bayan na ƙara mata soso mai kauri, na ɗan ɗaga mazaunin don kada tashi ya yi wuya. Na haɗa wani ɗan dandamali na katako daidai tsayin kujerar, na lulluɓe shi da soso da fata, na ɗaure shi da noti a inda aka cire waccan. Na ɗauko tsumman Bahijja na gwada, ya miƙe har da saura mai yawa. Yanzu daga bakin ƙofa mutum zai taka ya wuce kai tsaye zuwa baya, babu naɗe komai, babu sunkuyo.

Litinin muka koma Dundaye. Sai da Bahijja ta yi rantsuwa cewa an sauya fasalin motar kafin Inna Tani ta yarda ta fito ƙofar gida. Na zuge ƙofa, wannan karon na ja gefe. Ta leƙa. Ta dubi kujerar baya, ta dubi ta direba can gaba, fili guda a tsakaninsu. Ta ɗan daɗe. Sannan ta miƙa wa Bahijja sanda ɗaya, ta dafa ƙofa, ta shiga da kanta, ta zauna ta ɗora ƙafar a kan dandamalin. Na ji ta sauke ajiyar zuciya. Mati kuwa da ya shiga, kafin ya tayar da mota, sai ya kai hannu ya murɗe madubin tsakiya ya kalli rufi, don kada idonsa ya faɗa cikin nata. Na ce masa wannan ganganci ne. Ya ce na gefe sun ishe shi.

Haka suka yi ta yi, Litinin da Alhamis, damina ta wuce, kaka ta wuce. A ranakun nan Mati tun da sassafe yake gama rabon nama, ya yi wanka, ya sa farar riga, ya fesa turare don kada motar ta yi ƙarni. Kujerar da muka cire ta zama ta zaman rumfa, ni da shi muna faɗa a kanta kullum, kuma masu sayen nama sun gano daɗinta, sai ka ga mace ta sayi rabin kilo ta zauna awa guda. Tabita ke kawo mini labari daga bakin Bahijja, cewa sanda biyu ta koma ɗaya, cewa Inna ta fara zuwa bakin rijiya da kanta, cewa har yanzu in tana son a rage sanyin mota sai ta ce, “A ce mishi.”

Ranar gashi na ƙarshe na bi su, don Bahijja ta ce dandamalin ya fara motsi. Ina gaba kusa da Mati, Bahijja na kujerar tsakiya da ta rage, tsohuwa na can fadarta. A hanyar dawowa, daidai Kwalkwalawa, Mati ya kauce wa rami, ashe wani ɗan kabu-kabu ya manne mana a baya inda madubin gefe ba ya nunawa. Sai ƙarar burki muka ji da salati. Allah Ya tsare, ba a taɓa kowa ba, ɗan kabu-kabun ya zazzage mu ya wuce. 

Sai murya ta taso daga can baya, a fili, ba ta bi ta kan kowa ba.

“Kai, ɗana. Gyara madubin ga. Wata shida kana tuƙa ni kana kallon rufi, so kake ka kashe mu?”

Bahijja ta waiwaya baki buɗe. Ni na dubi Mati. Ƙaton nan da ke riƙe bijimi ta ƙaho sai ya rage gudu. Ya gangara gefen titi ya tsaya. Ya kai hannu ya sauko da madubin a hankali har ya daidaita, ya ce, “To, Inna.” Daga nan ya kifa kai a kan sitiyari, kafaɗunsa na girgiza. Ni ma, ba zan ɓoye ba, sai da na juya ina kallon gonakin mutane.

Inna Tani ta riga ta ja mayafi ta rufe fuska gaba ɗaya. Ta cikin mayafin ta ce wa Bahijja, “A ce mishi ya tada mota, rana na yi.”

Yanzu tsohuwa na tafiya da ƙafarta, sandar ma sai in za ta yi nisa. Kwanan baya na ce wa Mati ya kawo motar in mayar masa da kujerarsa, aikin minti ashirin ne. Ya ce a'a, a bar ta yadda take, Inna na son zuwa Wurno ganin ƙanwarta bayan salla, kuma shi zai kai ta. Muna cikin maganar wata baƙar jif ta gifta. Ya ɗaga kai ya dube ta, ba zan ce bai duba ba, sannan ya ci gaba da yankan namansa.